Ganye Ɗaya a Bakin Busasshen Reshe

Bara da damina aka sare maɗacin ƙarshe da ya rage a bakin rafin da ke bayan unguwarmu. Ban je na gani ba, ƙafa ta daina kai ni can, amma na ji kukan injin daga tsakar gida tun hantsi har bayan azahar, sannan na ji ƙasa ta amsa lokacin da ya faɗi. Yaran gida suka ruga kallo, suka dawo suna murna wai shaguna za a gina. Ni kuwa ina zaune da carbi a hannu na kasa ja. Wanda ya zo Jalingo yau, ya ga unguwarmu Majidaɗi gida na jingine da gida, keke na bin keke, ba zai yarda ba in an ce masa akwai lokacin da in ka fita ƙofarmu ka yi tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba, sai ka tsinci kanka cikin kurmi mai duhu da rana tsaka. In na faɗa wa jikokina sai su dubi juna, su ɗauka tsufa ya fara taɓa ni. Ba na jin haushinsu. Su buhun gawayi suka sani da tukunyar gas, ba su san abin da ake kira zuwa itace ba.

A wancan lokacin garin da kunne ake saninsa. Da sassafe ka ji daka daga gida uku ko huɗu, kowane turmi da muryarsa, har muna iya faɗin wadda ta makara. Ka ji birai suna faɗa a kan dutse, ka ji matan Mumuye suna saukowa da doya a kafaɗa suna hira da ƙarfi kamar masu rigima, alhali gaisawa suke. Ladan na kiran salla da maƙogwaronsa kawai, ranar Lahadi kuma ƙararrawar coci ta taso daga wajen Yelwa, babu wanda ya dami wani. Yanzu janareta ya cinye duka. Babanmu tela ne, daga Katsina iyayensa suka sallamo shi neman arziki, ya kafa kekensa a wata rumfa cikin kasuwa bai ƙara tashi ba. Inna kuma ita ce mai jiƙon unguwa. Ɗakinta cike yake da ƙunshin sassaƙe da saiwoyi a rataye, in ka shiga sai ɗaci-ɗaci ya tare ka tun daga bakin ƙofa. Yaro ya yi zazzaɓi, jariri ya ƙi mama, mai jego cikinta ya murɗa, duk wajen Inna ake zuwa, Fulani da Jukun da Mumuye da namu. Ba ta ba uwa magani ta ce je ki ba shi a gida. Ita da kanta take tallafe kan yaro da hagu, ta ɗura masa da dama, don mutane sun ce albarkar a hannunta take. Ita ma ta yarda da haka, kuma tana ji da shi.

Mu biyu ne 'yan mata a gidan, ni da yayata, wadda nake kira Adda kamar yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Fulani ke kiran nasu yayyen. Ta girme ni da shekara uku ko huɗu, ba wanda ya ƙirga. Doguwa ce siririya mai wushirya, dariyarta daga rijiya ake jiyo ta, kuma ba ta san tsoron bishiya ba. Ni gajera ce, ga tumbi ga kwaɗayi, abin da Allah ya ba ni kawai ido ne. In allurar Baba ta faɗa cikin yashi ni ake kira. In kaza ta ɓoye ƙwai ni ake kira. Sai kaina ya kumbura, har nakan ce wa Adda ita ƙafa ce kawai, ni ce mutum.

Itacen girki aikinmu ne. Da rani ba wahala, ƙasa cike take da shi. Amma ƙarshen damina duk abin da ke ƙasa ya jiƙe ya ruɓe, in ka kawo shi hayaƙi kawai zai yi, Inna ta yi ta hura wuta tana hawaye tana faɗa. Dole sai an hau sama an karyo busassun rassan da ke jikin bishiya, waɗanda iska ke shanyawa. Shi ya sa ba a zuwa sai biyu-biyu, mai hawa da mai ido. Mai hawa tana can sama fuskarta cikin ganye, ba ta ganin abin da hannunta zai kama da kyau. Mai ido tana ƙasa ta ɗan ja baya, aikinta ɗaya ne tak, ta duba reshe kafin a taɓa shi. Mai hawa za ta nuna reshe ta ce, “Ido?” Mai ido ta bi shi da kallo daga gindi har baki, sannan ta ce, “Kama.” In ba a ce kama ba, ba a kamawa, ko da za a wuni a sama.

Wadda ta koya mana wannan wata tsohuwa ce 'yar Mumuye mai sayar da itace a bakin kasuwa, ɗakinta na bayan gidanmu, muna ce mata Kaka. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, Adda ta yi ta kwaikwayonta a ɓoye har mu faɗi don dariya. Amma a daji ba a yi mata dariya. Wata rana ta damƙe kafaɗata a gaban wani ƙaramin itace ta ce in duba. Na duba har idona ya yi ruwa ban ga komai ba sai rassa.

“Kai ƙarami, ka ce kana da ido,” in ji ta. “Maciji na ƙasa kowa yana ganin shi. Wannan yana sama, shi da itace abu ɗaya. Duba reshe ɗin can, ya bushe ko bai bushe ba?”

“Ya bushe, Kaka.”

“To mene ne a bakin shi?”

“Ganye ne guda ɗaya, kore.”

“Reshe ya mutu, ganye yana da rai? Ba ganye ba ne, kan maciji ne. In ka ga haka, ka ce wa yayanka ya sauko.”

Tana rufe baki ganyen ya fito da harshe, ja wur, bakinsa baƙi. Sai a lokacin na ga dukan jikin, siriri kamar ɗan yatsana, launin ɓawon itace har da ɗigo-ɗigon, ya miƙo rabinsa cikin iska ya sandare. Na tambaye ta in ya sari mutum me ke faruwa, ta ce kada in bari a kai nan. Ba ta ƙara komai ba, mu ma ba mu ƙara tambaya ba. Macijin reshe muke ce masa, ban sani ba ko yana da wani suna a littafi.

Shekarar da abin ya faru, Baba ya yi wa Adda alkawarin zai tafi da ita Katsina bayan girbi ta ga kakanninmu. Ba ta taɓa shiga mota ba. Ta wanke zanenta mai kyau ta ninke tun saura wata biyu, kullum sai ta buɗe ta duba ta mayar. Ya kuma kafa mana doka ɗaya, kada mu ƙetare rafi in ruwa ya taso, ya ce wadda ta taka ƙetare ta san sauran. To rannan mun zaga bakin namu ɓangaren kaf, matan unguwa sun riga sun kwashe duk wani busasshen reshe da hannu ke kaiwa. Kaka ba ta nan, ta tafi ƙauyensu cire doya. Adda ta dubi ƙetare ta dube ni, ta ɗage gira. Muka naɗe zane muka shiga, ruwan bai wuce cinyata ba.

A ƙetaren akwai wata ƙatuwar ɗinya, 'ya'yanta sun zuba baƙi ƙirin a ƙasa ba mai tsinta. Adda ta haye wata bishiya da ke kusa da ita, wadda igiyoyin daji suka nannaɗe. Reshen farko na duba da gaske. Na biyu ma na duba, da na uku. Daga nan ƙanshin ɗinyar ya fi ƙarfina, na durƙusa na fara tarawa a gefen zanena, ɗaya a zane biyu a baki. Na ji muryarta daga sama.

“Ido?”

Bakina cike, kaina a sunkuye, na ce, “Kama.”

Ba ta yi ihu ba. Wash kawai na ji ta ce, kamar wadda ƙaya ta soka, sai wani abu ya faɗo ta gefena kamar guntun igiya. Na ga koren kansa yana shigewa cikin ciyawa. Adda ta sauko tana tsotsar tsakanin babban yatsa da manuni, ta nuna mini, ɗigo biyu ko uku ne, ko jini bai taru ba. Mu saran kububuwa muka sani, wanda ƙafa ke kumbura kamar turmi mutum na ihu. Sai muka zauna a gindin ɗinyar muna jiran kumburi. Muka jira har inuwa ta juya, hannun yana nan yadda yake. Ta buɗe yatsun ta rufe, ta yi dariya ta ce ashe macijin Kaka ko haƙori ba shi da shi. Sannan ta kama kunnena ta ce in na faɗa a gida an fasa tafiya da ita, in ce wallahi ba zan faɗa ba. Na ce wallahi, da sauri ma na ce, don in aka ji maciji tambaya ta biyu ita ce ina mai ido take. Adda ba ta taɓa tambayata ko na duba reshen ba, har ta koma ga Allah.

Washegari ta tashi da ciwon kai, cikinta na juyawa, ta yi amai sau biyu. Inna ta taɓa goshinta ta ce zazzaɓin ƙarshen damina ne, ta jiƙa sassaƙen maɗaci kamar yadda ta yi wa yaran unguwa ba adadi. Ina tsaye a bakin ƙofa ta tallafe kan Adda da hagu, ta ɗura mata da dama. Adda ta yamutsa fuska, Inna ta ce shanye, ta ƙara mata rabin ludayi. Bayan azahar jini ya fara fita daga dasashinta. Kafin la'asar hanci ya ɓalle. Wani tsohon yankan wuƙa da ya riga ya warke a ɗan yatsanta ya buɗe da kansa. Baba ya baro kasuwa a guje, ya duba ƙafafunta da ƙaurinta yana neman kumburi, don shi ma maciji ya fara zargi. Bai ga komai ba, ba wanda ya yi tunanin buɗe tsakanin yatsun hannu.

“Wani abu ya sare ki a daji?” ya tambaye ta. Ta girgiza kai.

Ya juyo gare ni. “Ke fa, kin ga wani abu?”

Na ce ban gani ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a kwanakin nan, don reshen kam ban duba shi ba, ita ma da ƙarya na faɗe ta.

Aka kira malamin asibiti, ya zo a kan kekensa ya yi mata allura, inda allurar ta shiga ma jini ya ƙi tsayawa. Rana ta biyu da hantsi Inna ta fita wanke tsummoki, aka bar ni da ita. Na matsa kusa da kunnenta na ce, “Adda, in faɗa?” Ta buɗe ido da ƙyar, leɓenta duk ya bushe da jini, ta ce, “In kin faɗa ba za a je da ni ba.” Har lokacin Katsina take tunani. Rana ta uku, bayan an fito daga sallar azahar, ta cika, kanta a kan cinyar Inna. Zanen nan da ta ninke yana ƙarƙashin tabarmarta, ni na ciro shi.

Da aka yi sadakar bakwai mutane suka watse, Inna ta shiga ɗakinta ta sauko da ƙunshin nan kaf, na shekara da shekaru, ta tara a tsakar gida ta cinna musu wuta. Hayaƙin mai ɗaci ya cika unguwa. Baba ya ce ta bari, ajali ne. Ta ce, “Lafiyarta ƙalau sai ciwon kai. Ni na ba ta, na kuma ƙara mata. Hannuna ne.” Ba wanda ya taɓa faɗa mata haka a fuska, ita ta yanke wa kanta hukunci, kuma ba ta sassauta ba. Mata suka ci gaba da zuwa da yaransu na ɗan lokaci, tana mayar da su daga bakin zaure. Daga nan suka daina. Tun daga ranar ban ƙara ganin Inna ta sa wa yaro ko da lomar tuwo a baki ba. In tana zaune cikin mutane, hannun daman nan yana cikin mayafi.

Da Kaka ta dawo daga ƙauye ta shigo gaisuwa, aka ba ta labarin yadda jinin ya yi. Tana fita ta same ni a bakin rijiya, ta tsaya a kaina.

“Kai ƙarami. Kun je ƙetare?”

Na ce a'a. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to, ta wuce. Ba ta ƙara kirana in raka ta daji ba, ni ma na daina bi ta ƙofarta.

Mutum zai ce yarinya ce, tsoro ne, kuma haka ne a farko. Amma ban zauna yarinya ba. Na girma, na yi aure, na haihu. Da na yi haihuwar fari Inna ta zo zaman jego, ta share ɗaki ta ɗebo ruwa ta yi wanki, amma kunun kanwa sai maƙwabciya aka kira ta dama. Aka miƙa mata jaririn ta karɓa a cinya, da ya buɗe baki yana neman abin sha sai ta mayar mini da shi da sauri. Ina kallo, na san dalili, na yi shiru. Rantsuwar da na yi wa Adda na riƙa fakewa da ita, alhali na san mai rantsuwar ta tafi inda ba a fasa tafiya da kowa. Gaskiyar ita ce ina tsoron lissafin da Inna za ta yi in ta ji. Za ta ce da kin faɗa ran farko da an nemi magani, da Addarki na nan. Na gwammace Inna ta ɗauki kayan a kan in ɗauka, ban taɓa faɗa wa kaina haka da baki ba, amma abin da na zaɓa ke nan kowace safiya.

Allah ya ba ta tsawon rai, har na yi furfura tana nan. A ciwonta na ƙarshe, wata la'asar ina zaune a gefenta, ta zaro hannun nan daga mayafi ta ɗaga shi tana kallo, duk ya zama ƙashi da jijiya.

“In na same ta,” ta ce, “me zan ce mata?”

Daga ni sai ita a ɗakin. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Inna, ki sha ruwa.” Ta sha, ta mayar da hannun. Bayan kwana biyu aka kai ta.

Ina da jika namiji, babban mutum da gemunsa, wanda nake tsokana da Maigida. Yana aiki da masu ƙirga tsuntsaye da namun daji a gandun dajin gwamnati da ke can kudu bayan Bali. In ya zo hutu sai ya zauna kusa da ni yana nuna mini hotuna a waya, ina manna ta a hanci saboda yanar da ta fara rufe mini ido, ina ce masa duk kuɗin makarantar da aka kashe ashe birai zai je ya yi wa gadi. Bayan sare maɗacin nan da 'yan makonni ya nuna mini wani hoto ya ce in na gano abin da ke ciki zai saya mini goro na wata guda. Rassa ne kawai da ganye. Na ɗora yatsa a kan ganyen nan ɗaya.

“Hajiya, yaya aka yi?” ya ce. “Ni sai da aka zana mini da biro. Wani baƙo ne ya ɗauka, ni shekara uku ina nema ban taɓa ganinsa da idona ba.”

“Kai ni,” na ce.

“Ina?”

“Inda yake.”

Ya yi dariya ya ce amaryarsa ta rikice, uwarsa ta ce ba inda za a kai tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na ce to su shirya jin maganar kullum har in mutu. Ba macijin nake marmari ba. Tambaya ɗaya nake ɗauke da ita tun ina yarinya, kuma na san sai wanda ya san wannan macijin ne zai amsa mini ita.

Muka kama hanya da asuba a motar wajen aikinsu. Tun daga Jalingo har nesa ban ga abin da zan kira daji ba, sai gonaki da kututture, da buhunan gawayi jere a bakin titi. Sai da rana ta yi sanyi duwatsu suka taso, itatuwa suka haɗe kai. Da na sauko daga mota ƙanshin ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai hawaye. Maigida ya ɗauka gajiya ce. Ban ce masa ƙanshin bayan gidanmu ne na zo na tarar a garin wasu ba.

Da safe aka haɗa mu da wani dattijo mai gadin dajin, wanda ya ce da maharbi ne kafin ya ajiye bindiga. Ya ce sati ɗaya da ya wuce ya ga macijin a wasu ƙananan itatuwa a bakin wani rafi kusa da masauki, kuma ba mai yawo ba ne, in ya samu wuri yakan daɗe. Suka zaunar da ni a kan wani gungume, su biyu suka shiga dubawa da madubin hangen nesa, reshe bayan reshe. Birai suna ta faɗa a sama, muryarsu ba ta canza ba ko kaɗan. Har rana ta take ba su ga komai ba. Dattijon ya ce sai haƙuri, wataƙila ya tashi. Maigida ya zo ya ɗaga ni, muka nufi wata 'yar gangara da za mu bi mu koma. Ya riƙe ni da hagu, ya miƙa dama zai dafa wani busasshen reshe da ya tsallako hanya.

Idona ya mutu rabi, fuskar mutum ma sai ya matso nake gane shi. Amma tun ranar ɗinyar nan ban taɓa wuce reshe ban bi shi daga gindi har baki ba, ko na mangwaron tsakar gida ne. Na cafke wuyan hannunsa.

“Tsaya,” na ce. “Kada ka kama.”

Muka tsaya mu uku ba mai motsi. Reshen ya bushe, ganye ɗaya kore a bakinsa. Can sai ga harshen, ja wur. Bai gudu ba, bai kumbura wuya ba, yana dai kallonmu da wani dogon ido. Na yi zaton in na gan shi zan tsane shi. Ban ji haka ba, ƙaramin abu ne mai kyau, yana zaman jiran ƙadangare. Maigida ya ja baya a hankali ya ɗauki hotonsa, dattijon kuwa sai kallona yake.

“Mama, a ina kika san shi?”

Na koma kan gungumen na zauna, na ba su labarin tun daga rafi har zanen da ke ƙarƙashin tabarma. Shi ne karo na farko da ya fita daga bakina. Da na gama na dubi dattijon na yi masa tambayar da ta kawo ni.

“Malam, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Da na faɗa ran farko, da ta rayu?”

Ya cire hularsa ya mayar. “Mama, wannan abu ba ya son cizo, sai an kama shi. Amma in ya riƙe mutum da kyau, har yau ba shi da allura. Sai dai babban asibiti su yi ta sa wa mutum jini, in Allah ya so ya tashi. Lokacin ku wa zai sa mata jini? Ko kin faɗa, sai dai a zauna a kalle ta.”

Maigida ya ce haka ne, haka aka koya musu. Ya dafa ni ya ce in sa raina a inuwa, ba shiruna ne ya kashe ta ba.

“Maɗacin fa?” na ce.

“Maɗaci?” in ji dattijon. “Mama, wane yaro ne bai sha maɗaci ba a ƙasar nan? Ba ruwan shi.”

Sun ɗauka sun sauke mini kaya. Ni kuwa ƙara mini suka yi. Lissafin da na yi ta gudu duk rayuwata, ashe babu shi. Maganata ba za ta ceci Adda ba ko da na yi ta a bakin rafi. Mutum ɗaya ce maganar za ta ceta, Inna, kuma na zauna da ita gida ɗaya, na ci tuwonta, na yi jinyarta, ta tambaye ni da bakinta na ba ta ruwa. Na yi kuka a dajin nan irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da Adda, har birai suka yi shiru.

Da muka dawo Jalingo na tara 'ya'yana na faɗa musu. Suka ce Allah ya yafe, yarinta ce, in daina sa abin a rai. 'Ya'yan kirki ne, amma ba su ne masu jiran maganar ba. Na aika kasuwa a samo mini sassaƙen maɗaci, mai sayarwar ta ce yanzu daga nesa ake kawo shi. Na jiƙa shi a kwano ya kwana, da hantsi na sa aka kai mini kujera gaban inda ɗakin Inna yake a da, wanda yanzu aka mayar wurin ajiye babur. Na ɗebi ludayi ɗaya na sha, na ƙara rabi. Ɗacinsa yana nan yadda na san shi, kuma bai yi mini komai ba. Sannan na faɗa a fili, yadda ya kamata in faɗa tun ina da haƙora, na ce Inna, ba hannunki ba ne, ni ce ban duba ba.

Kaji ne kawai a tsakar gidan, suka ci gaba da tonon ƙasa. Wadda za ta ji ta riga ta tafi da hannunta a ɓoye cikin mayafi.